Kwa Ibo: Ƙaramin Kogin Da Sunansa Ya Fi Ruwansa Nisan Tafiya

Duk ma'aikacin da takardun kuɗin mai suka taɓa ratsa teburinsa a Abuja ya ga sunan, ko da bai tsaya a kansa ba. A jerin nau'o'in ɗanyen man da Nijeriya ke sayarwa, kusa da Bonny Light da Forcados da Escravos, akwai wanda ake rubutawa Qua Iboe. Dillalan mai a Landan da Singafo sun san farashinsa na kowace rana, matatun Turai da Indiya kuma sun san darajarsa, domin mai ne mara nauyi, mai ƙarancin farar wuta, wanda ba ya wahalar tacewa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, tun kafin a haƙa rijiya ko ɗaya, sunan na wani ƙaramin kogi ne a kudu maso gabashin ƙasar nan, wanda tsawonsa bai wuce kimanin kilomita 150 ba.

Don a gane ƙanƙantarsa, layin dogo daga Abuja zuwa Kaduna ya fi shi tsawo, tunda shi kilomita 186 ne. Idan aka jera shi da Kogin Neja mai kilomita sama da 4,000, ko Binuwai mai kimanin 1,400, to Kwa Ibo ɗan rafi ne. Amma a bakinsa ne aka kafa ɗaya daga cikin manyan tashoshin fitar da mai na ƙasar, kuma a bayanin da aka fi yaɗawa, daga sunansa aka ciro sunan jihar Akwa Ibom, wadda gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanka daga Kuros Riba ranar 23 ga Satumba, 1987, ranar da aka yanki Katsina daga Kaduna. Jihohin biyu tagwaye ne a takarda, ɗaya na kallon hamada, ɗaya na kallon teku.

Daga tuddan Umuahia zuwa gishirin Ibeno

Kogin yana tasowa ne daga tuddan da ke kusa da Umuahia a jihar Abiya. A can sama ba shi da wani kwarjini: ƙoramu ne da ke tsattsafowa daga ƙarƙashin jan yashi, suna haɗuwa a cikin kwaruruka masu duhuwar itatuwa. Daga nan sai ya fuskanci kudu, ya shiga Akwa Ibom ta ƙasar Annang, yana karɓar rafuka daga yankin Ikot Ekpene da Abak, ya ratsa ƙasar Ibibio ta wajen Etinan, ya wuce ta gefen garin Eket, sannan ya buɗe baki ya zuba a Tekun Atlantika a ƙaramar hukumar Ibeno. Wannan lungu na teku a tsofaffin taswirori Bight of Biafra ake ce masa, sai a 1975, bayan yaƙin basasa, gwamnatin tarayya ta mayar da shi Bight of Bonny.

Yana da maƙwabta biyu da suka fi shi girma, Kogin Imo a yamma, wanda ke shiga teku a wajen Opobo da Ikot Abasi, da Kogin Kuros a gabas, mai faffaɗan bakin da Oron da Kalaba ke zaune a gefensa. Kwa Ibo na tsakaninsu, yana da nasa mafari da nasa baki. Wannan batu yana da muhimmanci, domin a Abuja an saba a tattara duk kudu maso kudu a kira shi Neja Delta, kamar duk ruwan da ke can daga Lokoja ya gangaro. Kwa Ibo ba reshen Neja ba ne, ɗigon ruwan Neja ɗaya ba ya bi ta cikinsa. Idan an saki ruwan madatsar Lagdo a Kamaru, ambaliya ta ci Makurdi da Lokoja da Bayelsa, ba ta nan take biyowa ba. Akwa Ibom ta shiga Hukumar Raya Yankin Neja Delta, NDDC, da aka kafa a 2000, saboda tana da mai, ba don ruwan Neja ya ratsa ta ba. Matsalolin kogin nasa ne na kansa, kuma maganin da aka tsara don Bayelsa ba lalle ya yi masa daidai ba.

Wanda ya girma a gaban Kogin Challawa ko Rima, inda rani ke mayar da kogi filin yashi a riƙa tona rijiyoyi a tsakiyarsa, zai yi mamakin cewa ɗan kogi kamar wannan ba ya ƙafewa. Dalili biyu ne. Na farko ruwan sama: damina a nan tana kankama tun Maris ko Afrilu, ba ta ɗaukewa sai wajen Nuwamba, kuma a bakin teku abin da ke zuba a shekara yakan haura milimita 3,000, wato ninki uku ko fiye na abin da Kano ke samu. Na biyu ƙasar kanta. Yankin yana zaune ne a kan yashi mai kauri, wanda ke shanye ruwan damina kamar soso, ya adana shi, ya riƙa sakinsa a hankali ta maɓuɓɓugai duk tsawon shekara. Shi ya sa ko a watan Janairu, lokacin da hazon hunturu ke leƙowa har bakin teku, kwalekwale na tafiya.

Wannan yashin da ke ciyar da kogin shi ne kuma rauninsa. Ba shi da danƙo. Da zarar an sare itatuwa, ko an gina titi aka karkatar da magudanar ruwa ba bisa ƙa'ida ba, ruwan sama mai ƙarfi sai ya tsaga ƙasa, tsagar ta zama kwazazzabo, kwazazzabon ya ci gona, ya ci gida. Duk yashin da ya zaizaye a sama, cikin kogin yake ƙarewa, ya cike masa ciki, ya rage masa zurfi. Ga kuma masu haƙar yashi da ke loda tifofi don gine-ginen Uyo da Eket, waɗanda ke zurfafa wani wuri su bar gaɓa tana zaftarewa a wani. Jihohin Abiya da Akwa Ibom duk sun shiga shirin yaƙi da zaizayar ƙasa na NEWMAP da Bankin Duniya ya tallafa wa, amma kwazazzabo ba ya jiran a sabunta shiri.

A tsakiyar tafiyarsa kogin na bi ne ta ƙasar kwakwar manja da rogo da gwaza, gaɓarsa cike da tukurwa, wadda daga ita ake samun bammi da zaren saƙar da Ikot Ekpene ta yi suna a kai. Ƙasa ce mai cunkoson jama'a, ƙauye na taɓa ƙauye, gonaki ƙanana. Kafin zuwan kwalta, kogin ne babbar hanya: manja da ƙwarar kwakwa su gangara a kwalekwale, gishiri da busasshen kifi su haura.

Inda kogi ke komawa baya

Daga wajen Eket zuwa ƙasa, Kwa Ibo ya daina zama kogin da mutumin tudu ya sani. A nan teku ke da iko. Sau biyu a kowace rana ruwan teku yana cikowa, ya tura ruwan gishiri ya haura cikin kogin, har wanda ke tsaye a gaɓa ya ga ruwa na gudu ta inda ya fito. Bayan sa'o'i shida ya janye, ya bar shimfiɗar baƙin taɓo mai ƙyalli. Jan wata da na rana ne ke haddasa wannan, shi ya sa cikowar ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu. Masunta a nan da wannan lissafi suke fita, da shi suke dawowa. Da rani, idan ruwan daɗi ya ragu, gishiri yakan ƙara kutsawa ciki. Da damina kogin ya mayar da shi baya.

A wannan gauraye na ruwan daɗi da na gishiri itatuwan mangurof ke tsirowa, masu saiwoyi a waje kamar ƙafafun gizo-gizo. Kallo ɗaya mutum zai ce dajin banza ne, ba ya nomuwa, ba ya ginuwa, sai sauro. Amma shi ne ɗakin renon teku. Ƙananan kifaye da jatan lande suna ɓuya a tsakanin saiwoyin har su yi ƙwari, ganyen da ke zuba ya ruɓe ya zama abincinsu, kawa na manne a jikin saiwar, ƙananan dodon koɗin da ake sa wa miyar afang suna rarrafe a taɓon. Saiwoyin kuma suna riƙe laka, suna karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta kai ga gidaje. Kifin bonga da ake bandarwa, da busasshen jatan landen da matan gida suka sani da kirefish, waɗanda ake aunawa a kasuwannin Wuse da Utako, wani kaso nasu daga wannan gaɓa ta Akwa Ibom ya fito, kuma farashinsu yana da alaƙa da lafiyar wannan daji.

Dajin kuwa yana fama da wani baƙo. A 1906 Turawan mulkin mallaka suka kawo wata irin kwakwa mai suna nipa daga kudu maso gabashin Asiya suka dasa a Kalaba, bayan 'yan shekaru aka ƙara dasawa a Oron. 'Ya'yanta suna yawo a kan ruwa, duk inda cikowar teku ta ajiye su a taɓon da ba kowa, sai su kafu. Ba ta da irin saiwar da kifi ke ɓuya a ciki, ba ta zubar da ganye yadda mangurof ke yi, kuma idan ta cika wuri ba ta barin komai ya tsiro. Abin da ke buɗe mata ƙofa shi ne gatari. Bandar kifi na cin itace, itacen mangurof kuma shi ne ya fi kusa, ya fi ci da kyau. Duk inda aka sare, nipa ta riga kowa zuwa. Ta haka masunci ke sare gidan renon kifin da zai kama baɗi don ya busar da na bana, kuma da wuya a zarge shi, tunda a sansanonin kamun kifi da yawa babu wutar lantarki, babu ɗakin sanyi, kifin da bai sha hayaƙi yau ba gobe ya zama asara. Wanda ya ba shi ƙanƙara ko murhun da ke rage cin itace ya taimaki dajin fiye da wanda ya kafa allon hana sara.

Daga bakin kogin akwai ƙananan hanyoyin ruwa da ke bin bayan gaɓar teku. Mafi shahara ita ce Stubbs Creek, wadda ta nufi gabas wajen bakin Kogin Kuros, kuma da sunanta ake kiran gandun dajin da aka keɓe tun zamanin Turawa. Gandun yana cikin manyan ragowar dajin fadama na jihar, da birai da tsuntsayen da suka yi ƙaranci a wasu wurare. Shi ne kuma filin da al'ummomin Eket da na Ibeno suka daɗe suna jayayya a kan mallakarsa, jayayyar da ke ƙara zafi duk lokacin da aka ji ƙishin-ƙishin wani babban aiki da zai zo da diyya.

A bakin kogin kansa akwai tudun yashi a ƙarƙashin ruwa, wanda igiyar teku ke tarawa, kogin ke turewa, ba ya zama wuri ɗaya. Shi ya hana Kwa Ibo zama tashar manyan jiragen ruwa irin Kalaba ko Fatakwal, kuma shi ne wurin da masu kwalekwale suka fi tsoro idan teku ta yi fushi a tsakiyar damina. Gefensa kuma rairayin Ibeno ne, farin yashi mai tsawon kilomita masu yawa, wanda jihar ke tallatawa ga masu yawon buɗe ido.

Jaja, Bill da manja

Ƙanƙantar kogin ba ta taɓa hana manya kwaɗayinsa ba. A ƙarni na 19, bayan an hana cinikin bayi, manja ya zama abin da masana'antun Ingila ke nema don sabulu da man injina. Sarki Jaja, wanda ya kafa Opobo a wajen 1870, ya gina ƙarfinsa ne a kan ƙa'ida ɗaya: Bature ya tsaya a bakin teku, shi ya shiga ciki ya sayo. Ya ɗauki kasuwannin Kwa Ibo a matsayin nasa. Da wani ɗan kasuwar Ingila mai suna George Watts ya buɗe wurin ciniki a kogin, mutanen Ibeno suka fara sayar masa kai tsaye, sai Jaja ya aiko da jiragen yaƙinsa a 1881 suka afka wa garuruwansu. A 1887 mataimakin ƙaramin jakadan Ingila Harry Johnston ya yaudari Jaja ya shiga jirgi, aka kai shi Accra aka yi masa shari'a, aka kore shi zuwa tsibiran Karibiyan. Ya rasu a 1891 a hanyar dawowa.

A ƙarshen wannan shekara ta 1887 wani saurayi ɗan Belfast, Samuel Alexander Bill, ya sauka a Ibeno, bayan shugabannin garin sun aika da wasiƙa suna neman malamin da zai zauna da su. Mishan ɗin da ya kafa sunan kogin ya ɗauka, kuma kogin ya bi: daga Ibeno ya haura zuwa yankin Eket, ya kai Etinan, inda aka kafa makarantar Etinan Institute a 1915, asibiti kuma ya biyo baya. Daga baya aikin ya tsallaka har ƙasar Igala a jihar Kogi ta yau. Bill ya rasu a 1942, kabarinsa na Ibeno. Wanda ya ga allon cocin Qua Iboe a wata unguwa a Abuja ko Legas, to sunan wannan ɗan kogi yake karantawa.

Man da ke teku, sunan da ke tudu

Babban abin da ya sauya kogin ya zo ne daga ƙarƙashin teku. Kamfanin Mobil ya fara fitar da mai daga filin Idoho a 1970, shekarar da yaƙin basasa ya ƙare, ba da daɗewa ba aka buɗe tashar Qua Iboe a gefen gabas na bakin kogin, kusa da ƙauyen Mkpanak. Yadda aikin yake yana da ɗan ban mamaki. Rijiyoyin duk a teku suke. Bututu ne ke kawo man tudu, a tashar a raba shi da ruwa da iskar gas, a tara shi a manyan tankuna, sannan wani bututun ya sake mayar da shi teku, kilomita da dama daga gaɓa, inda manyan jiragen dakon mai ke ɗaurewa su yi lodi. Jirgin dakon mai ba ya shiga kogin, tudun yashin nan ba zai bari ba. Kogin ya ba da suna da fili da hanyar ƙananan jiragen ma'aikata, ya karɓi hayaƙi da harshen wutar gas da ke haska dare, da kwanon rufin da mazauna suka daɗe suna kukan yana saurin tsatsa.

Haɗin gwiwa ne, a zamanin Mobil NNPC na da kashi 60, kamfanin na da 40. A shekarun da abin ke kan ganiyarsa, Qua Iboe shi ne nau'in mai mafi yawa da Nijeriya ke fitarwa. An ga nauyinsa a Yulin 2016, lokacin da babban bututun fitarwa ya samu matsala aka dakatar da lodi na tsawon watanni. Ƙungiyar tsagerun Niger Delta Avengers ta ce ita ta fasa, kamfanin ya musanta. Ko wane ne ke da gaskiya, shekarar ce tattalin arzikin ƙasar ya shiga karayar da ma'aikatan jihohi da yawa ba za su manta ba, saboda albashin da ya riƙa maƙalewa.

Mafi munin abin da gaɓar ta gani shi ne na 12 ga Janairu, 1998, ranar da bututun da ya haɗa Idoho da tashar ya fashe, kimanin ganga 40,000 ta malale a teku, man ya bi gaɓa ya nufi yamma har aka ga alamunsa a ruwan Legas. An sake samun malala a Nuwamban 2012. Ga masunci, lissafin ganga ba shi ne abin dubawa ba. Tarun da mai ya jiƙa ya tashi daga aiki, kifin da ya ɗauki wari ba mai saye, kuma idan cikowar teku ta tura man cikin saiwoyin mangurof, taɓo ya shanye shi, shekaru yake yi yana tsattsafowa. Hukumar NOSDRA da ke bin diddigin malalar mai an kafa ta ne a 2006, shekara takwas bayan Idoho, kuma an daɗe ana sukar yadda binciken haɗin gwiwa ke dogara da jirgin ruwa da kayan aikin kamfanin da ake bincika.

Yanzu mai gidan ya sauya. A Fabrairun 2022 kamfanin Seplat na cikin gida ya sanar da sayen Mobil Producing Nigeria a kan dala biliyan 1.28. Masu aiki a fadar gwamnati za su tuna ruɗanin Agustan shekarar, lokacin da aka sanar cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya amince a matsayinsa na ministan mai, hukumar NUPRC ta ce ba haka ba, cikin 'yan kwanaki aka janye amincewar. Sai a Oktoban 2024 aka ba da izini, aka kammala cinikin a Disamba. Tare da rijiyoyi da tankuna, sabon mai shi ya gaji bututun da wasunsu sun haura shekara 50 a cikin ruwan gishiri, ya gaji tsofaffin ƙorafe-ƙorafe, da tambayar wanda zai biya kuɗin kwashe kayan da share wurin ranar da man ya ƙare.

Layin da ruwa ke jawa

Akwai wani abu a bakin Kwa Ibo da ya taɓa girgiza rabon arzikin ƙasa baki ɗaya, kuma ba komai ba ne illa layin da teku ke bari a yashi idan ta janye. Sashe na 162 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce a ba jiha aƙalla kashi 13 cikin ɗari na kuɗin albarkatun da aka samo daga cikinta. To ina jihar da ke bakin teku ta ƙare? Gwamnatin Olusegun Obasanjo ta kai tambayar Kotun Ƙoli, kuma ranar 5 ga Afrilu, 2002 kotun ta ce iyakar ita ce inda ruwa ke tsayawa idan ya janye. Abin da ke gaba da nan na tarayya ne.

Babu jihar da hukuncin ya buga kamar Akwa Ibom, domin kusan duk manta a teku yake. Jihar da ke ganin wutar gas daga tagoginta, take kwasar malala a rairayinta, ta wayi gari a lissafi kamar ba ta da mai. Gwamna Victor Attah ya zama kan gaba a fafutikar da aka sani da neman iko da albarkatu. Aka koma teburin siyasa, aka yi ta ja-in-ja tsakanin fadar shugaban ƙasa da Majalisar Tarayya a kan inda za a ja sabon layi, har aka daidaita a dokar 2004, wadda ta ce don lissafin kashi 13, man da aka haƙo a ruwan da zurfinsa bai wuce mita 200 ba a ɗauke shi na jihar da ke gaɓar. Jihohi 22, wato 19 na Arewa da uku na Kudu maso Yamma, suka ƙalubalanci dokar, suna cewa tana rage abin da ke shiga tukunyar kowa. Kotun Ƙoli ta kori ƙarar a Disamban 2005. A Yulin 2012 kuma kotun ta tabbatar wa Akwa Ibom rijiyoyi 76 da take jayayya da Kuros Riba a kansu, bayan miƙa Bakassi ga Kamaru.

Hujjar jihohin 22 ba ta banza ba ce, kuma ba ta mutu ba. Takan dawo duk lokacin da aka buɗe zancen gyaran tsarin rabo. Amma wanda ya san yadda ruwa ke tafiya a wannan gaɓa zai yi wuya ya yarda cewa man teku ba ruwansa da tudu. Cikowar da ke haurawa Kwa Ibo sau biyu a rana ba ta san layin kotu ba, abin da ya zuba a kilomita 20 daga gaɓa tana iya kawo shi har gindin mangurof. Tun daga 2004 Akwa Ibom take cikin jihohin da suka fi karɓa a zaman FAAC na wata-wata, tare da Delta da Ribas. Tambayar da ta fi wuya yanzu a cikin gida take: nawa ne daga wannan kuɗi ya gangara daga Uyo ya kai Upenekang da Iwuochang da sauran garuruwan bakin kogin? Kashi 13 asusun jiha yake shiga, doka ba ta ce a kai shi ƙauyen da aka haƙo ba. Dokar Masana'antar Mai ta 2021 ta yi ƙoƙarin cike wannan giɓi da asusun al'ummomi masu masaukin baƙi, inda kamfani zai zuba kashi 3 cikin ɗari na kuɗin gudanar da aikinsa na shekarar da ta gabata. Amma dokar ta kuma ce idan an yi ɓarna ga kayan aiki a yankin, daga kason al'umma za a cire kuɗin gyara, kuma ga rijiyar da ke tsakiyar teku, tantance wane gari ne mai masauki ya zama sabon abin faɗa tsakanin maƙwabta.

Kogi ɗaya, tebura da yawa

A takarda Kwa Ibo ba maraya ba ne. Ruwansa na ƙarƙashin kulawar Ma'aikatar Albarkatun Ruwa da hukumomin raya kogunanta. Zirga-zirgar jiragen cikin gida na hannun NIWA mai hedikwata a Lokoja, wadda yanzu ke ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Teku da aka ƙirƙira a 2023, kuma a Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta ƙarfafa ikon tarayya a kan hanyoyin ruwa a shari'ar da aka yi da jihar Legas. Malalar mai ta NOSDRA ce, rijiyoyi na NUPRC, yashi na Ma'aikatar Ma'adinai, zaizaya ta ofishin Asusun Muhalli, ƙasar gaɓa kuma a hannun gwamna take bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Tunda kogin ya ratsa jihohi biyu, yana cikin irin ruwan da ƙudirin dokar albarkatun ruwa, wanda ya sha faɗuwa a Majalisar Tarayya, ya so ya tattara a hannun Abuja. Kowane tebur na riƙe da yankinsa. Abin da ba a gani shi ne teburin da ke kallon kogin daga Umuahia har Ibeno a matsayin abu ɗaya, wanda zai lura cewa kwazazzabon da ya ɓalle a Abiya shi ne yashin da ke toshe hanyar kwalekwale a Eket.

Manyan ayyuka kuwa suna ta matsowa. Akwai tashar jiragen ruwa mai zurfi ta Ibom da aka daɗe ana tsarawa a gabashin bakin kogin. Akwai matatar mai ta ganga 200,000 a rana da kamfanin BUA na Abdul Samad Rabiu ya sanar a 2020 zai gina a jihar. Sai babbar hanyar bakin teku daga Legas zuwa Kalaba mai kimanin kilomita 700, wadda aka fara a 2024, kuma ba ta da hanyar isa Kalaba ba tare da ta tsallaka Kwa Ibo ba. Titi a fadama ko dai a ɗora shi a kan dogayen gadoji ruwa ya riƙa wucewa ta ƙasa, ko a cike taɓon da yashi a bar 'yan kwalbatoci. Na biyun ya fi arha a takardar kwangila. Shi ne kuma ke datse cikowar teku, ruwa ya kwanta a gefe ɗaya, ɗaya gefen ya bushe, mangurof ya mutu a tsaye, nipa ta gaje wurin. Zaɓi tsakanin biyun ana yin sa ne a zanen injiniya da rahoton tasirin muhalli, takardun da ke bi ta Ma'aikatar Ayyuka a Mabushi da Ma'aikatar Muhalli kafin tifa ta farko ta juye yashi a gaɓar Eket.